Sunan da Na'ura Ta Riga Ni Faɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare hanya, ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, ya sauke ki lafiya a ƙauyen nan na gaba da Tamale da aka tura ki koyarwa, ya haɗa ki da mutanen kirki. Da gangan zan cusa wasiƙar a cikin dardumar sallarki. Na san ita za ki fara warwarewa idan kin sauka, kuma a lokacin kin yi nisa da unguwarmu ta Maamobi, ba za ki ɗago ido ki dube ni ba, ni ma ba sai na sunkuyar da kai ba.

Ina rubutun nan ne bayan la'asar, a bakin tagar ɗakina. Ina hango ki a tsakar gida kina ɗaure kwalin nan na kwamfutocin hannu da aka ba ki ki tafi wa yaran makarantarku da su. Rana ta yi sanyi, inuwar igiyar shanya ta kwanta a kan bayanki, wani jirgi kuma yana saukowa a hankali ta saman rufin unguwa. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, na ga yara sun shigo da majina sun fita da gemu, amma yau da na ga kina lissafa wayoyin caji kina motsa leɓe, sai na ga kamar ba a taɓa yin wata malama ba kafin ke.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gobe da safe za ki bar shi yadda kika san shi. Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da kika yi ranar Juma'a. Gwaggonki Memuna ta zo yi miki sallama, tana tsokanarki wai 'yan zamani kun miƙa wa inji aikin malami. Kika yi dariya kika ce, "Gwaggo, ni ina son na'ura. Ba ta taɓa ce wa yaro daƙiƙi ba." Ni ina gefe ina tsince shinkafa a faifai. Ba ki dube ni ba, na kuma san ba da niyyar ki soke ni kika faɗa ba. Amma shinkafar nan sai da na tsince ta sau uku, domin idona ya daina rarrabe tsakuwa da ƙwaya. Shekara goma sha huɗu ke nan ina bin maganar nan da kallo daga nesa. Yau zan zauna kusa da ita, in ba haka ba za ki tafi da ita cikin ajin mutane, kuma yaran wasu ne za su ɗauki nauyinta.

Bari in fara da ƙaramin kuskurena, wanda ko yanzu in na tuna sai in yi dariya.

Shekarar da kika shigo ajina, aji biyu, wasu tsofaffin ɗaliban makarantarmu da suke ƙasashen waje suka aiko mana da kwamfutocin hannu guda ashirin. Hedimasta ya ce ajina za a fara gwadawa, ya damƙa mini mabuɗin kabad. Yara suka sa musu suna allon gilashi tun kafin su taɓa su. To, ke kin san gidan da na fito. Inna, kakarki, daga Dogondutsi ta zo unguwar Nima, maƙwabciyar Maamobi, da aure, kuma har ta koma ga Allah akwai kwanukan tangaran guda shida a kabad ɗinta da ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Na baƙi ne. Baƙin da suka isa a fito musu da su kuwa ba su taɓa zuwa ba. Haka na yi da allunan gilashin nan. Na jera su a kabad ɗin aji da ledarsu, na ɗinka musu mayafi mai leshi, kowace safiya in buɗe in share ƙura in mayar in kulle. Yara sittin da wani abu suna zaune suna leƙen su ta tsagin ƙofar kabad. In wani ya ce, "Madam, yaushe za mu taɓa?" sai in ce sai ranar da suka koyi wanke hannu.

Zangon karatu guda cur suka yi a kulle. Ranar da Madam Efua, malamar aji uku, ta matsa mini muka buɗe, guda huɗu sun ƙi tashi sam, batirinsu ya mutu da zaman banza. Ta riƙe ƙugu ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ei, Madam Hajara! Kai ka yi masa aure ne? Ka yi masa jere kamar amarya!"

Saboda haka, kwalin nan da kike ɗaurewa, ki kwance shi a makon farko. Ki yage ledar a gaban yara. Za su sa wa allunan yatsa mai man gyaɗa, wani zai yar da ɗaya gilashin ya tsage, ranki zai ɓaci. Ki bar shi ya ɓaci. Wanda ya fashe a hannun yaro ya yi aikin da aka aiko shi, ni nawa huɗu sun mutu ba su koya wa kowa ko harafi ɗaya ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan girma, kuma daga na farkon ya fito. Da na ga abin da na yi asara, sai na juya gaba ɗaya, kamar wanda ya daɗe yana azumi ya samu tukunya. Akwai wani shirin koyon karatu a cikin allunan. Yana nuna hoto, wata muryar mace mai laushi tana karanta labari da Turanci, kamar na wata akuya da ta hau katanga, kalmomin suna haskawa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ta yi tambaya yaro ya taɓa amsa. In ya dace, tauraro ya fito kusa da sunansa. Na raba yara hurhuɗu, kowane gungu da allo ɗaya, na koma kujerata.

Ba zan ɓoye miki ba, watannin nan sun yi mini daɗi. Maƙogwarona da ya shekara ashirin yana yaƙi da alli da hayaniya ya samu hutu. Ajin ya cika da wani irin amo mai daɗi, yara suna bin muryar matar nan suna rausaya, gaba da baya, gaba da baya. Ni kuma in zauna a bakin taga, iskar teku tana shigowa da ƙamshin wake da shinkafa daga rumfar mai abinci, in bi jirage da ido har su ɓace a bayan gidajen sama. Ina ta saƙe-saƙe. Ina ganin yaran Nima da Maamobi sun zama likitoci da matuƙa jirgi, suna saukowa daga matakala da jakunkuna, suna cewa Madam Hajara ce ta fara ba mu allon gilashi. Wani lokaci har sai an kaɗa ƙararrawa nake dawowa ajin.

Abin da na manta shi ne yaran da nake koyarwa. 'Ya'yan zango ne, unguwannin Hausawa da sauran Musulmi. Kafin su sa rigar makaranta sun riga sun zauna gaban malam da allon katako, kunnensu ya saba ɗaukar abu a ji biyu ya adana, ko an san ma'anarsa ko ba a sani ba. Wannan baiwa ce, kuma ni ma da ita na tashi. Amma malamin allo ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya zo gabansa ya biya, malam yana nuna masa baƙi da tsinke, yana tsallake wannan ya koma wancan. Ni na karɓi rausayar na bar tsinken. Yarana suka haddace labaran nan kaf, har da inda matar take numfasawa, suka haddace cewa amsar tambaya ta uku tana kusurwar hagu. Taurari suka yi ta zuba, ni kuma ina kwafe su cikin littafin sakamako ina jin kaina.

Ki riƙe wannan da kyau. Na'ura tana sanin inda yatsa ya taɓa, ba ta san abin da ya sa ya taɓa wurin ba. Ba ta san wanda ya zo da yunwa ba, ba ta san wanda idonsa ba ya gani sosai ba, ba ta san wanda na kusa da shi ke zungura da gwiwa ba. Kowace rana ki kife allunan na ɗan lokaci, ki kira yara ko biyar ne, ɗaya bayan ɗaya, su zauna kusa da ke har kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Ki rubuta kalma da hannunki a takarda, ki sauya mata wuri, ki nuna da tsinke. Ki tambaye su da harshen gidansu me akuyar labarin ta yi, in ba ki iya harshen ba ki sa su koya miki, za su ji daɗin ganin Madam tana tuntuɓe. Kada ki yarda da tauraron da ba ki ji da kunnenki ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan.

Ke 'yar fari ce. A gidan Inna, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san yana wurin. Kunya ce, kuma a wurinmu ado ce. Matan gidan haya da muka zauna da su, Dagomba da Kotokoli da Frafra, sun sha yi mini dariya, suna cewa wannan al'ada an bar ta a can arewa, nan Ankara ce, babban birnin Gana. Ni kuwa ina jin ita ce kaɗai abin da Inna ta bar mini da ban sayar ba, ban ɓatar ba. Shi ya sa kika tashi kina jin "ke" da "yarinyar nan". Shi ya sa kika bi sauran yara kina ce mini Madam har a gida, ni kuma ban taɓa gyara miki ba.

Da kika shigo ajina, kunyar ta samu abokiya, wato tsoron kada iyaye su ce malama tana fifita 'yarta. Na sa ki a bencin baya. In ina kiran rajista na zo kanki, sai in ce "mai bi masa", ki ce "Present, Madam", yara su ƙyalƙyale. Ranar da za a shigar da sunayen yara cikin allunan, na rubuta na kowa da hannuna, da na zo naki na miƙa wa Madam Efua. Ta ce, "Ɗiyanka ne fa, ba mijinka ba!" Ta rubuta tana girgiza kai.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk lokacin da kika dace da amsa, muryar matar nan takan yaba miki, ta kira sunanki. Tana lanƙwasa shi da harshen Turawa, tana cinye rabinsa, amma sunanki ne. Ni ina can bakin taga, fuskata a waje kamar ina kallon jirgi, kunnena kuwa yana bencin baya. In na ji ta faɗa, wani sanyi yakan sauko mini daga wuya har ƙirji. Sai in ji kamar ni ce na faɗa. Taurarinki sun fi na kowa yawa a ajin, saboda kunnenki ya fi na kowa kaifi, don haka a rana nakan ji sunan sau goma, sau goma sha biyar. Ko a watannin da na yi sakaci, nakan ɗan zagaya wani lokaci in tsaya a kan wannan yaro ko wancan. Bencinki ne kawai ban taɓa tsayawa ba. Na ce a raina, ga wadda take yi mini abin da ba zan iya ba, me zai kai ni?

Sai ranar Talatar nan. Kin san ta, amma ki bari in faɗe ta da bakina sau ɗaya.

An aiko wata jami'a daga ofishin ilimi ta ga yadda ake amfani da allunan. Dattijuwa ce mai furfura da tabarau, ba ta da hayaniya. Aka yi rashin sa'a, kwana biyu ke nan ana dumso, babu wuta a unguwa, allunan duk sun mutu babu caji. Na ce mata ai babu komai, yarana sun iya ko babu na'ura. Ta ce in ba ta wanda ya fi kowa. Na nuna bencin baya da haɓa. Kika taso da ɗan farin hijabinki da ya yi miki yawa, kina murmushi, domin wannan ne karo na farko da na zaɓe ki a wani abu.

Ta ɗauki alli ta rubuta jimla ɗaya a allon bango, daga labarin akuyar nan da ta hau katanga. Kika dubi allon, kika gane hoton akuyar da ta zana a gefe, kika fara. Kika karanto shafin farko gaba ɗaya da muryar matar cikin na'ura, har da numfashinta, kina rausaya. Jimlar da ke allo kalma biyar ce, ke kuwa kin yi ta zuba har kusan minti guda. Dattijuwar ta bari kika gama. Sannan ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ta ce, "Wannan fa, 'yata?"

Kika ƙura wa kalmar ido, ba ki gane ta ba. Ta matsar da yatsa kan wata, ita ma haka. Wani yaro ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Kika juyo kika dube ni, kuma wallahi har yau ina ganin idon nan, ba kuka a cikinsa, tambaya ce kawai, kamar kina cewa Madam, wanne zan taɓa?

Ni kuma na buɗe baki na ce, da Hausa, don kada baƙuwa ta ji, "Daƙiƙiya kawai. Kin kunyata ni."

Baƙuwa ɗaya na ɓoye wa, yara sittin suka ji. Kuma a duk shekarar nan, wannan ce magana ta farko da na dube ki ido da ido na faɗa miki a cikin aji.

Da muka fito baranda, dattijuwar ta gyara tabarau ta ce mini da Hausar zango, a hankali, "Madam, na ji abin da ka faɗa. Ni ma cikin Hausawa na girma, a Kokomlemle. Yarinyan nan ba shi da laifi, kansa yana da kyau. Yaushe rabonka da ka zauna kusa da shi?" Na ce mata 'yata ce. Sai ta ce, "To, shi ya fi muni." Ba ta rubuta komai a kaina ba, ta shiga motarta ta tafi.

Magana zarar bunu ce, 'yata. Na san za a yi ranar da wani yaro zai ba ki kunya a gaban babba, jininki ya hau, harshenki ya yi kaifi. A ranar ki tambayi kanki kunyar wa ce. Tawa ce ranar nan, ni na bar aji na tafi kallon jirage, ni na kwafe taurarin ƙarya, amma na ɗauke ta na ɗora a kan yarinya 'yar shekara bakwai saboda ita ce mafi kusa kuma ba za ta rama ba. Ba daƙiƙiya ba ce ke. Yarinyar da ta haddace littafi guda na harshen da ba nata ba, da ka, ba tare da kowa ya nuna mata harafi ba, ai kaifinta ya wuce na malamarta.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda ya fi daɗewa, domin har yau da la'asar ɗin nan ina cikinsa. Ban ba ki haƙuri ba. Washegari na koma aji na gyara komai. Na fara kiran yara ɗaya-ɗaya, na gano kusan rabinsu halinku ɗaya, na zauna da su har ƙarshen shekara. Amma ke, da na matso bencinki sai ki ƙanƙame jiki ki rufe baki, ni kuma kunya ta riƙe mini ƙafa, yanzu kunya biyu, ta Inna da tawa.

Babanki ne ya ɗauki abin, Allah ya ji ƙansa ya haskaka kabarinsa. Mutumin da aji huɗu ya yi ya bari, wanda ya koyi sauran karatunsa a jikin lambar mota da allunan hanya. Bai yi mini faɗa ba. Ranar Asabar kawai ya ce ki sa takalmi, ya ɗora ki a gaban trotro ɗinsa, motar hayar da yake ja, Nima zuwa Tudu, Tudu zuwa Nima. In cunkoso ya riƙe ku a mahaɗar Kawukudi, sai ya nuna miki rubutun bayan motar da ke gaba, harafi ɗaya-ɗaya, da sandar rake. Fasinjoji suna ta ƙorafi, shi yana cewa su yi haƙuri, makaranta ake yi. Asabar nawa kuka yi, ban ƙirga ba. Na dai tuna ranar da ya shigo lungu yana danna ham kamar an ɗaura aure, ya faɗo tsakar gida da Hausarsa ta Nima wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba, yana cewa, "Hajara! Yarinyanka ya karanta bayan tankan ruwa yau, shi kaɗai! Sannu Sannu, haka aka rubuta, wallahi ban taimake shi ba!"

Kina tsaye a bayansa kina leƙo ni. Ina tuƙa tuwo. Na ce, "To, madalla," ban juyo ba. Hawaye na zuba cikin tukunya, na bar ku kuka ɗauka tururi ne.

In kin yi wa yaro ba daidai ba, ki ba shi haƙuri kafin a tashi daga makaranta ranar. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki faɗa da baki, a gaban waɗanda suka ji laifin. Ba ya rage wa malami komai. Ni na ce sai gobe, goben ta zama shekara goma sha huɗu.

Kada kuma ki ɗauka ina ce miki ki ƙi na'ura. Gwaggonki ba ta da gaskiya, kuma ke kin fi ni sanin abin nesa ba kusa ba. Na ga alherinta da idona. Shekaru bayan haka, wata rana na buɗe wa yara taswirar nan da ke nuna gari daga sama. Muka sauko a hankali kamar muna cikin jirgin da na saba kallo, teku ta matsa gefe, tituna suka fito, sai ga Nima da Maamobi kwance, rufin kwano ja da tsatsa manne da juna, lunguna sirara kamar zare. Can wata yarinya ta sa yatsa ta ce, "Madam, ga gidanmu. Ga mangwaron Baba." Suka yi ta neman masallacinsu da famfon unguwarsu. Rabin sa'a suka yi suna shawagi a saman unguwar da ake ce musu ba komai ba ce, kuma ranar kowa ya rubuta sunan lungunsu da hannunsa ba tare da na roƙe shi ba. Ki yi musu irin wannan. Ki naɗi muryar kakanninsu suna tatsuniya da harshensu, ki sa su ji ta fito daga allon gilashi, su san abin ba na Bature kaɗai ba ne. Amma ki kasance a tsakiyarsu lokacin da ake yi, kan wani yana jingine da hannunki.

Abin da nake tsoro ɗaya ne. Kin ce kina son na'ura don ba ta cewa daƙiƙi. Gaskiya ne, ba ta faɗa. Amma ina tsoron kada ki laɓe a bayanta don gudun kada ki zama ni, ki bar ta ta yi yabo, ta yi gyara, ta kira suna, ke kina gefe kina jin daɗi. Nan ne daidai inda na zauna, a bakin taga. Ki kira yaranki da sunansu, kowannensu, kowace rana, da bakinki. Wanda ya fi ba ki wuya ki fi kiran nasa.

Ga roƙona kuma. Tun ranar Talatar nan ban sake jin kin yi karatu a gabana ba. Kin gama firamare, kin gama sakandare, kin gama kwalejin malamai. Nakan jiyo ki ta bango kina karanta wa ƙannenki littafi, kina sauya murya kina yi musu muryar kura da ta zomo, in lallaɓo in tsaya a bakin ƙofa, da kin ji motsin takalmina sai ki rufe littafin ki ce, "Madam, kina son wani abu?" Ni kuma in ce ina neman ashana. Na koya wa yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa karatu, na ji muryar kowannensu, ban da ta wadda na haifa.

Wayar nan da kika saya mini, kin nuna mini inda ake dannawa a ji saƙon murya, kuma na iya yanzu. In kin huta gajiya, in Allah ya sa zuciyarki ta sauko, ki samu inuwa a bayan ajinku ki danna, ki karanta mini wani abu. Ko shafi ɗaya ne, ko na littafin aji biyu ne, ko labarin akuyar nan ne in har yanzu ana yinsa. Zan ajiye abin da ke hannuna in zauna in ji har ƙarshe. In ba ki iya ba yanzu, ba zan ce komai ba, zan jira, ai ke ma kin jira.

Ga shi kin gama ɗaure kwalin, kina share gumi da bakin mayafi. An kusa kiran magariba, zan tashi in yi alwala. Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama, ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na zuciya. Allah ya sa yaran da za a damƙa miki su zama shaidarki ta alheri duniya da lahira. Allah ya ba ki haƙurin babanki, ya raba ki da harshen uwarki na ranar nan. Inna ta yafe mini abin da zan yi yanzu, na riƙe mata al'adarta shekara ashirin da ɗaya, ina ganin ta isa.

Ki yafe mini, Rahinatu.

Na faɗa da ƙarfi kafin in rubuta, a nan bakin taga. Na ga kin ɗago kai kin duba wajen ƙofar gida, kina neman wanda ya kira ki. Ni ce.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
wadda kike ce wa Madam